Yadda Ake Fentin Tafkin Ninkaya a Ƙasar Kabi, da Yadda Launi ke Shafar Zafin Ruwa

Wani dattijo a unguwar Gesse, nan Birnin Kebbi, ya kira ni in duba masa tafkin ninkayar da ya gina wa jikokinsa, wanda fentinsa ya fara ɓarewa bayan damina biyu kacal. Ya miƙo mini wayarsa yana nuna mini hoton wani tafki mai shuɗi mai duhu, kusan baƙi, ya ce irinsa yake so. Na ce masa, "Baba Alhaji, irin wannan launi ya fi dacewa da ƙasashen sanyi, inda ake neman kowace hanya ta ɗumama ruwa. Mu nan idan Afrilu ta kama, abin da za ka riƙa nema shi ne yadda ruwan zai huce." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To, malam, da hunturu fa, lokacin da yaran ke gudun ruwan?" Tambayar ta cancanci amsa mai tsawo, domin zaɓen launi shi ne matakin da ba ya gyaruwa sai an sake kwashe ruwa an sake kashe kuɗi, don haka da shi zan fara.

Abin da launi ke yi wa ruwa

Hasken ranar da ke sauka a kan tafki ba duka yake isa ƙasa ba. Kusan rabin ƙarfinsa irin hasken nan ne da ido ba ya gani amma fata na jin zafinsa, kuma ruwan da ke sama-sama yana shanye mafi yawansa tun bai yi nisa ba, ko da wane launi aka shafa a ƙasan. Abin da ke kaiwa zurfin mita ɗaya ko ɗaya da rabi a ruwa mai tsabta bai wuce kashi ɗaya bisa uku ba, ko ɗan abin da ya ɗara haka. A kan wannan ragowar kaɗai launin fenti ke da iko. Farin fenti yana mayar da mafi yawanta sama, launi mai duhu kuwa yana shanye ta, bango da daɓe su ɗumama, su miƙa wa ruwa zafin. Ko hasken da farin ya mayar ma ba duka yake tsira ba, domin ruwa yana ƙara shan wani a hanyar fita, saman ruwan kuma yana sake juyo da wani ƙasa.

Mu ɗauki tafki mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, wanda zurfinsa ya fara daga mita 1 ya kai mita 2, wato matsakaicinsa mita 1.5. Yana ɗaukar lita 75,000. Kafin a ɗaga zafin lita 1,000 na ruwa da digiri ɗaya a ma'aunin salshiyos, ana buƙatar kilowat-awa 1.16, kuma kilowat-awa shi ne abin da mitar wutar gida ke lissafawa a matsayin yunit ɗaya. Ke nan wannan tafki yana buƙatar kimanin yunit 87 kafin ya ƙara digiri ɗaya tak. A ranar da sama ta washe a wannan yanki namu, kowane murabba'in mita yana samun kusan yunit 6 na ƙarfin rana, saboda haka fuskar tafkin mai murabba'in mita 50 tana karɓar kimanin yunit 300 daga hantsi zuwa faɗuwar rana. Ko da ruwan ya shanye su duka bai zubar da komai ba, ƙarin bai kai digiri 4 ba a yini. A lissafina, abin da fenti mai duhu ke riƙewa fiye da fari a irin wannan tafki yana tsakanin yunit 40 zuwa 60 a rana, kimanin rabin digiri ke nan, wanda yake taruwa kwana bayan kwana har ya tsaya a bambancin digiri ɗaya zuwa uku, tun da yake ruwan da ya fi ɗumi ya fi saurin zubar da zafinsa.

Digiri biyu ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Hukumar wasannin ninkaya ta duniya tana son ruwan gasa ya kasance tsakanin digiri 25 zuwa 28, kuma jikin mutum yana jin daɗin iyo har zuwa wajen 29. Idan iska ta haura digiri 40 a Maris, Afrilu da Mayu, dare kuma bai yi sanyin kirki ba, tafkin da ke fili yana iya wuce digiri 30 ko da fari ne. Ƙara masa digiri biyu yana mayar da shi ruwan da ake shiga a fito ba a wartsake ba, sinadarin kulorin da ake zubawa domin kashe ƙwayoyin cuta yana ƙarewa da wuri, gansakuka kuma tana samun yanayin da ta fi so.

Amsar tambayar Baba Alhaji tana cikin tafiyar rana. Birnin Kebbi tana kimanin digiri 12 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka a ƙarshen Afrilu rana takan tsaya daidai tsakiyar ka da azahar, haskenta ya sauka a miƙe har ƙasan tafki. A Disamba kuwa tana karkata kudu, tsayinta a sama da tsakar rana yana sauka zuwa kimanin digiri 54, yinin ya ɗan gajarce, ga hazo ya tare wani ɓangare na hasken. Fenti mai duhu ke nan yana ba da zafinsa mafi yawa a watan da ba a so, ya ba da mafi ƙaranci a watan da ake nema. Abin da ke sanyaya ruwa da hunturu shi ne tururi: kowace lita ɗaya da ta bi iska tana tafiya da kusan kashi biyu bisa uku na yunit. Idan ka sa alama a bango ka ga ruwan ya sauka da rabin santimita a yini, lita 250 ke nan suka tafi da kimanin yunit 170, abin da ya ninka duk ribar launi mai duhu kusan sau uku. Busasshiyar iskar arewa maso gabas ita ke yin wannan aiki, kuma maganinta mayafin rufe tafki ne da daddare, wanda zan yi maganarsa a ƙarshe.

Don haka shawarata ga duk wanda ke Birnin Kebbi, Argungu, Jega ko Yawuri ita ce fari ko shuɗi mai haske. Farin fenti ba ya sa ruwa ya zama fari, domin ruwa da kansa yana shanye jan haske ya bar shuɗi, shi ya sa tafki mai farin daɓe ke bayyana da shuɗi garai-garai, kuma yana ƙara kyau idan zurfi ya ƙaru. Akwai kuma dalilin da ya fi zafi muhimmanci a wurina: a tafki mai haske ana hango yaron da ya nutse tun daga baki, ana ganin maciji ko kwaɗon da ya faɗa da daddare, ana kuma gane ranar da ruwa ya fara gurɓata. Launi mai duhu yana ɓoye waɗannan duka, yana saurin kodewa a ranarmu, kuma farin dattin da ruwan wasu rijiyoyin burtsatse ke bari a bango ya fi fitowa a jikinsa. Wurin yara da matakala, inda ruwa bai wuce rabin mita ba, su ne suka fi jin tasirin launi, domin haske mai yawa yana isa ƙasa kuma ruwan da zai raba zafin kaɗan ne. Kada a yarda a shafa musu duhu ko da an yi wa sauran tafkin.

Gane fentin da ke jiki kafin sayen sabo

Fentin tafki iri uku ne. Akwai ifoksi, wanda yake zuwa a gwangwani biyu da ake haɗawa, shi ne mafi tauri da tsada, kuma idan an yi aikin daidai yakan kai shekara 5 zuwa 8. Akwai fentin roba, mai ƙarfin wari, wanda yakan yi shekara 2 zuwa 4. Akwai kuma akirilik da ake tsinkawa da ruwa, wanda ya fi sauƙin shafawa, yana jure ɗan danshi a bango, amma shi ne mafi gajartar kwana. Fentin mai na ƙofofi da fentin bangon ɗaki ba sa cikin lissafi ko kaɗan. Wanda ya ɓare a gidan Baba Alhaji irin na ƙofofi ne, mai fentin ya ce masa duk ɗaya ne tun da ruwa ba ya kama shi, alhali fentin da ruwan sama ke zuba a kansa ya wuce daban yake da wanda zai kwana ya yini a cikin ruwa mai kulorin. Araha ba ta ado. Sau da yawa fentin tafki na gaske sai an yi odarsa daga Kano, Abuja ko Legas, saboda haka a duba ranar da aka yi shi, a kuma tabbata an rubuta a jikin gwangwanin cewa na tafkin ninkaya ne.

Ƙa'idar ita ce a maimaita irin fentin da ke jiki, domin ifoksi a kan fentin roba ba ya zama lafiya, fentin roba ma ba ya kama ifoksi. Idan ba a san wanda aka shafa a baya ba, a kankaro ɓawo biyu ko uku. A jefa ɗaya a cikin sifirit: idan ya narke, akirilik ne. Idan bai narke ba, a jefa wani a cikin tina, wato ruwan tsinka fenti, irin wadda ake kira zailin: idan ya narke ko ya yi danƙo, na roba ne. Wanda ya jure duka biyun, ifoksi ne. Idan an tarar da fenti hawa-hawa iri daban-daban, ko fentin da ba na tafki ba, sai an kankare shi gaba ɗaya har siminti ya fito. Tafkin da aka lulluɓe da tayil ba a yi masa fenti, gyaran tayil ɗin ake yi. Masu kiwon tarwaɗa a kwamin siminti kuma kada su ɗauki fentin tafkin ninkaya su shafa sai kamfanin ya rubuta cewa ba ya cutar da kifi.

Awo da zaɓen lokaci

A tafkin misalinmu, daɓen murabba'in mita 50 ne. Kewayen bango mita 30 ne, idan aka ninka da matsakaicin zurfi na mita 1.5 ya ba da 45. Jimla 95, a cike ta 100 saboda matakala da gangare. Shafi biyu ake yi, ke nan murabba'in mita 200. Idan gwangwanin ya nuna cewa lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 5, ana buƙatar lita 40, sai a ƙara lita 4 ko 5 domin sabon siminti mai kaushi yana shan shafin farko sosai. A sayi duka a lokaci ɗaya, domin gwangwanayen da aka yi a lokuta daban-daban sukan ɗan saɓa a launi, kuma ruwa yana fito da saɓanin.

Lokaci shi ne abin da ya fi wahalar daidaitawa a ƙasar nan. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ba ta dace ba, saboda ruwan sama da danshi, da kuma wani haɗari da mutane da yawa ba su sani ba: tafkin da aka kwashe wa ruwa kamar kwalekwale yake, idan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso zai iya tura shi sama ya tsage shi. Wanda gidansa ke kusa da fadama, a gefen Birnin Kebbi ko Argungu ko bakin kogin Kwara a Yawuri, ya duba rijiya mafi kusa da shi, kuma kada ya kwashe tafkinsa sai ruwan rijiyar ya sauka ƙasa da gindin tafkin sosai, ko da hakan na nufin jira har Fabrairu. Bazara kuma tana da tata matsalar, domin yawancin kamfanonin fenti suna son zafin bangon ya kasance tsakanin digiri 10 zuwa kusan 32, simintin da ke rana a Afrilu kuwa yana wuce haka nesa tun kafin azahar. Ga wanda ke kan tudu, na fi son Nuwamba, bayan ƙasa ta bushe kuma kafin ƙura ta yi ƙarfi. Disamba da Janairu ma suna da daɗin zafi, sai dai a zaɓi kwanakin da iska ta kwanta. Sabon tafki kuma a bar simintinsa ya cika kwana 28 kafin a taɓa shi da fenti.

Kwashe ruwa, gyara da wanki

Kashi mafi girma na aikin yana nan, kuma yawancin fentin da ya ɓare da wuri a nan aka yi masa sakaci. A daina zuba kulorin kwana biyu ko uku kafin kwashewa, domin ruwan ya yi amfani a shuke-shuke ba tare da ya ƙona su ba, a kashe wutar famfo da fitilun cikin tafki daga tushe, sannan a zuƙe ruwan da inji a kai shi nesa da gindin ginin. Daga wannan lokaci tafkin ya zama rami mai zurfin mita 2 da ƙasan siminti, saboda haka a kange shi daga yara da dabbobi har ranar da za a cika shi.

Tun bango yana da danshi a bi shi da abin kankara da buroshin ƙarfe a cire duk fentin da ya ɗago. A riƙa ƙwanƙwasa filasta da ƙotar guduma, duk inda aka ji sauti kamar na ganga, filastar ta rabu da kankare, sai a fasa wurin a sake shi. Tsaga kuma, komai ƙanƙantarta, a buɗe ta da girinda ta yi faɗin da za ta karɓi cikawa, a share ƙurar, a cike da simintin toshe ruwa ko ƙullin ifoksi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ta nan ruwa ke bi ya shiga bayan fenti ya ɗaga shi. Tsagar da ta ratsa bango daga sama har ƙasa, ko wadda ke ƙara buɗewa, aikin injiniya ce, fenti ba zai rufe ta ba. Idan tsohon ifoksi ne a jiki kuma yana nan daram, a goge fuskarsa duka da samfefa mai kaushi har sheƙinsa ya mutu, domin sabon shafi ba ya kama wuri mai santsi.

Wanki sau uku ake yi. Na farko na cire maiƙo ne, da garin wanki mai ƙarfi da buroshi, musamman a layin da ruwa ke tsayawa, inda man shafawa da gumin jiki ke taruwa, sannan a ɗauraye kafin kumfar ta bushe. Na biyu da asid ne, nau'in haidurokulorik, wanda ke cin fuskar siminti ya bar ta da kaushi yana kuma narkar da farin datti. Ruwan batir wani asid ne daban, kada a yi amfani da shi. Ana tsinka kashi ɗaya na asid a cikin kashi uku ko huɗu na ruwa, sai dai idan kamfanin fentin ya faɗi wani awo, a bokitin roba, kuma kullum ruwa ake fara zubawa sannan a tsiyaya asid a kansa a hankali, domin idan aka juya tsarin yana iya fantsama a fuska. A jiƙa bango, a zuba haɗin a ɗan wuri kaɗan, a goge, a bar shi ya yi kumfa na 'yan mintuna, a ɗauraye da ruwa mai yawa kafin a matsa gaba. Idan an gama daidai, simintin zai yi kaushi a tafin hannu kamar samfefa. Ruwan da ya taru a wuri mai zurfi a barbaɗa masa garin soda, wato sodiyam kabonet da masu haɗa sabulun ruwa ke saye, har ya daina kumfa, sannan a kwashe shi. Wanki na uku maimaicin na farko ne, domin kashe ragowar asid, a ɗauraye sosai.

Mai wannan aiki ya sa takalmin roba, safar hannu ta roba mai tsawo, tabarau mai rufe gefen ido da takunkumin da aka yi domin tururin sinadarai. Kada mutum ɗaya ya shiga shi kaɗai, lallai a sami wani a baki da tiyo a hannu. Tururin asid da na tina sukan taru a wuri mai zurfi inda iska ba ta ratsawa, kuma haɗuwar asid da kulorin tana fitar da iskar da ke iya kisa, don haka ko ajiye su ba a yi a wuri ɗaya.

Bayan wanki sai jira. Ifoksi da fentin roba suna son bango busasshe ƙayau, kwana 3 zuwa 5 a ƙalla, kuma fuskar siminti takan nuna ta bushe alhali cikinta da sauran ruwa. A yanko leda mai gani-har-hanji, kimanin santimita 45 kowane gefe, a manna ta da salatif a rufe gefunanta huɗu, ɗaya a wuri mafi zurfi, ɗaya a bangon da ya fi samun inuwa, ɗaya a kan wurin da aka yi faci. A bar su awa 16 ko fiye. Idan an ɗaga an ga raɓa a jikin ledar, ko simintin ƙarƙashinta ya yi duhu, a ƙara kwana a sake gwadawa.

Shafa fentin

Da daddaren jajibirin aiki a share tafkin tas, a rufe fitilu, bakin bututu da magudana da salatif, a ajiye gwangwanayen a ɗaki mai sanyi. A yayyafa ruwa a ƙasar da ke kewaye da tafkin, nesa da bakinsa, domin ƙura ta kwanta. Da an idar da sallar asuba gari ya waye, a taɓa bango a tabbata babu raɓa, a sake bin sa da tsintsiya mai laushi, a fara. Niyya ita ce a ajiye rola kafin ƙarfe goma, ko kafin bango ya yi zafin da tafin hannu ba zai iya daɗewa a kansa ba.

Na taɓa ganin sakamakon saɓa wannan a wani masaukin baƙi, inda mai wurin ya matsa a gama kafin wani biki, aka shafa fentin roba da tsakar rana a watan Afrilu. Saman fentin ya bushe nan take ya kulle tina a ciki, kafin la'asar bangon da ke kallon rana ya cika da ƙuraje kamar ƙwayar gero, wasu kamar ƙwayar gyaɗa, idan ka danna da farce sai su fashe su bar ɗan rami. Babu abin da ya gyara shi sai kankarewa da sayen wani fentin, kuma bikin ya zo ya wuce tafkin yana fanko.

Idan ifoksi ne, a motsa kowane gwangwani shi kaɗai, sannan a haɗa su daidai da awon da aka rubuta, ba tare da ƙiyasi da ido ba, a juya da abin motsawa da aka ɗaura a injin huda na 'yan mintuna, ana kankaro gefe da gindin bokitin. Wasu nau'o'in suna son a bar haɗin ya ɗan zauna kafin a fara, wasu ba sa so, takardar jikinsu ce za ta faɗa. Daga lokacin haɗawa fentin ya fara daskarewa, kuma lokacin da aka rubuta a gwangwani an auna shi ne a yanayi mai sanyi fiye da namu, saboda haka a haɗa abin da za a iya shafewa cikin rabin awa zuwa minti 45 kawai, bokitin kuma ya zauna a inuwa. Wanda ya fara kauri a zubar da shi, ƙara masa tina ba ya dawo da shi.

A fara da buroshi a kusurwoyi da kewayen fitilu, sannan a ɗauki rola mai gajeren gashi wadda tina ba ta narkar da ita. Bango ake fara yi, daga wuri mai zurfi, sannan daɓe, ana ja da baya zuwa wurin matakala domin a fita ta nan. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, kuma kowane layi ya hau kan na gefensa tun yana ɗanye. Shafi na biyu yana da iyakar lokacinsa, wanda sau da yawa yake faɗawa washegari da safe, kuma idan aka wuce iyakar a ifoksi sai an sake gogewa da samfefa. Kafin a fara shi a goge ƙurar da ta kwana da busasshen ƙyalle. A kan matakala da wurin yara a barbaɗa yashi mai laushi, wankakke busasshe, tun shafin farko yana ɗanye, shafi na biyu ya rufe shi, domin sabon fenti a cikin ruwa yana da santsi ƙwarai. Nan ne kaɗai launi mai duhu ke da amfani: siririn layi a bakin kowace matakala, wani kuma a daɓe daidai inda zurfi ya fara, da lambobin zurfi a baki.

Cikawa da daidaita zafi

Fentin zai bushe a taɓi cikin awoyi, amma ƙwarinsa bai kammala ba. A ba shi kwana 5 zuwa 7, ko abin da kamfanin ya faɗa idan ya fi haka, kuma duk ranar da ruwan sama ya taɓa shi a kwashe ruwan a ƙara kwana ɗaya. Idan za a cika, a ɗaure ƙyalle a bakin tiyo a ajiye shi a wuri mai zurfi, a bar ruwan ya hau ba tare da tsayawa ba, domin tsayawa na tsawon lokaci yana iya barin zobe a bango. Wanda zai sayi ruwan tanka ya shirya motocin su zo a jere. Bayan ya cika a kunna famfo, a daidaita ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, tsakanin 7.2 zuwa 7.6, kulorin kuma tsakanin 1 zuwa 3 a abin gwaji. Garin kulorin a narkar da shi a bokiti kafin a zuba, ƙwayoyinsa kuma a sa su a cikin abin da ke yawo a saman ruwa, domin duk inda suka kwanta a kan fenti sai sun bar farin tabo.

Daga nan a rataya ma'aunin zafi a cikin ruwan, kimanin rabin mita daga sama, a riƙa dubawa safe da la'asar. Idan bazara ta sa ya wuce digiri 30, a ɗaura ragar inuwa irin ta masu renon tsirrai a kan rabin tafkin, musamman ta yamma, a ɗage ta sama yadda iska za ta ratsa. Ta fi dasa dogonyaro a baki, wanda ganyensa ke cika matatar ruwa, saiwarsa kuma ke neman bango. A mayar da aikin famfo zuwa dare, a karkata bakin bututun da ke dawo da ruwa ya riƙa fesawa sama, domin tururin da ke tashi ya tafi da zafi. Wannan dabara tana aiki sosai a Maris da Afrilu lokacin da iska ke bushe, tana raguwa idan danshin damina ya shigo, kuma tana cin ruwa, don haka a riƙa cikawa. Da hunturu sai a juya: a cire ragar, a daina fesawa, a shimfiɗa mayafin tafki, irin ledar nan mai ƙananan kumbura, tun daga magariba har hantsi, wanda zai tare tururi ya kuma hana ƙura sauka. Idan za a yi iyo a janye shi gaba ɗaya a naɗe, kada a bar rabi a kan ruwa, kuma muddin yana shimfiɗe ƙofar wurin ta kasance a kulle, domin ƙaramin yaro yana iya ɗaukarsa daɓe ya taka.